Mabuɗi a hannun fasto, asusu a hannun jama'a: mulki da zaman mutunci a Cocin Anglikan

A Cocin Ingila, ranar da za a ɗora sabon fasto a kan wata ikilisiya, akwai wata tsohuwar al'ada da ake bi. Babban dikin, wato jami'in da ke taya bishop sa ido a kan coci-cocin wani yanki, yakan kama hannun faston ya ɗora a kan mabuɗin ƙofar coci, daga nan faston ya je ya kaɗa ƙararrawa domin gari ya ji cewa ya kama aiki. Baƙon da ya ga wannan zai ɗauka an damƙa wa mutumin komai ke nan. Shi kuwa faston, kafin mako ya zagayo zai gane iyakar abin da mabuɗin yake buɗewa. Kuɗin coci ba a hannunsa suke ba, majalisar ikilisiya ce ke riƙe da su, ita ce kuma ke amincewa da kasafi. Ƙoƙon Jibin Ubangiji (cin gurasa da shan ruwan inabi da masu bi ke yi tare a sujada) da faranti da sauran kayan da ake iya ɗagawa suna ƙarƙashin amanar mutum biyu da jama'a suka zaɓa, waɗanda ake kira wadin, masu kula da coci. Idan kuma ya ga bencunan da suka shekara ɗari a wurin sun tsufa yana so a fitar da su, sai an nemi izini daga kotun dayosis, wato yankin da bishop ke kula da shi, kotun da wani masanin shari'a ke shugabanta.

Haka abin yake daga ƙasa har sama. Fasto yana rantsuwar yi wa bishop biyayya, amma rantsuwar tana da ƙaidi: biyayya ce cikin abin da yake bisa doka kuma na gaskiya. Bishop shi ne uban dayosis, shi ke keɓe fastoci, shi ke tabbatar da masu bi, amma ba ya kafa doka shi kaɗai, sai da sinod, majalisar da fastoci da sauran masu bi suke zama a cikinta tare da shi. Akbishop na Kantabari, wanda duniya ke kallo a matsayin jagoran Anglikan, ba shi da ikon cire ko da fasto ɗaya a Kenya ko Kanada. 'Yan ɗarikar da kansu sukan taƙaita tsarin da cewa bishop ne ke jagora, sinod ce ke mulki. Daɗin faɗi gare ta, amma duk wanda ya taɓa zama a taron majalisar ikilisiya ya san cewa tsakanin "jagora" da "mulki" akwai fili mai faɗi da doka ba ta zana iyakokinsa ba, kuma a cikin wannan filin ne ake yin yawancin rigingimun coci.

Wannan rabon iko ba a rana ɗaya aka tsara shi ba. Lokacin da majalisar dokokin Ingila ta ayyana Sarki Henry na Takwas a matsayin shugaban cocin ƙasar a 1534, iko daga Fafaroma ya koma fadar sarki ne, bai sauko wurin talakan da ke zaune a benci ba. Muryar mai bi na yau da kullum daga wajen Ingila ta fara ƙarfi, kuma larura ce ta kawo ta. Bayan Amurka ta sami 'yancin kai, Anglikan ɗin can suka wayi gari babu sarki a kansu, babu kuma gwamnatin da za ta yi musu doka, sai suka tsara wa kansu kundin mulki a 1789 wanda ya bai wa waɗanda ba fastoci ba kujera da ƙuri'a. A Niyu Zilan, Bishop Selwyn ya jagoranci irin wannan aiki a 1857. Ingila kanta ta makara: sai a 1919 aka yi dokar da ta ba cocin damar tsara al'amuransa, majalisun ikilisiya suka sami gindin zama a 1921, Babbar Sinod ta yanzu kuwa a 1970 ta fara zama.

Zaure uku ne a cikin wannan Sinod: na bishop-bishop, na fastoci, da na sauran masu bi. A kan manyan batutuwa, sai kowane zaure ya ba da kashi biyu cikin uku kafin magana ta wuce. Wanda yake zaton zauren masu bi ado ne kawai, ya duba abin da ya faru a watan Nuwamban 2012. An kawo dokar da za ta ba mata damar zama bishop. Dayosis 42 cikin 44 sun riga sun amince. Bishop-bishop suka goyi baya da ƙuri'a 44 a kan 3, fastoci da 148 a kan 45. A zauren masu bi aka sami 132 a kan 74, wato rinjaye ne amma ya gaza kashi biyu cikin ukun da ƙuri'a shida. Dokar ta faɗi. Akbishop mai barin gado da mai jiran gado duk suna so, firaministan ƙasar ya nuna ɓacin ransa a fili, amma babu wanda ya iya tsallake waɗancan ƙuri'u shida. Sai da aka koma aka zauna da masu adawa, aka sake rubuta dokar, sannan ta wuce a watan Yulin 2014, aka keɓe Libby Lane a matsayin bishop mace ta farko a watan Janairun 2015.

A nan ne nake ganin asalin maganar take. A tsarin da mutum ɗaya ke ba da umarni, ladabi ƙari ne. In babu shi ma aiki zai tafi, ko da ana gunaguni. A tsarin da kowa ke riƙe da wani ɓangare na igiya, in mutunci ya ƙare tsakanin masu riƙon, aiki tsayawa yake yi cak. Dokar da ta fayyace ikon majalisar ikilisiya, ta 1956, ta ɗora wa fasto da majalisa nauyin yin shawara da juna a kan duk muhimmin al'amarin ikilisiya. To, doka tana iya tilasta a kira taro, a karanta ajanda, a rubuta abin da aka yanke. Ba ta iya tilasta wa fasto ya saurara da gaske, ba ta kuma iya hana ma'aji murguɗa baki. Dokokin cocin ma sun san da wannan giɓi, shi ya sa suka sa wa wadin aikin da ba a iya aunawa da sikeli: ya tabbatar da tsari da kamun kai a cikin coci lokacin sujada, ya kuma yi iya ƙoƙarinsa, ta halinsa da ta bakinsa, wajen haɗa kan jama'a da wanzar da salama a tsakaninsu.

Rashin mutunci a ikilisiya ba kasafai yake zuwa da ihu ba. Yakan zo ne a siffar faston da ya gama yanke shawara a ɗakinsa, ya kawo ta majalisa domin a sa hannu kawai, wanda ya yi tambaya kuma ya tsinci kansa a cikin wa'azin Lahadi mai zuwa ba tare da an kira sunansa ba. Wannan na ƙarshe, a ganina, yana cikin mafi munin abin da fasto zai yi, domin mumbari wuri ne da ba a mayar wa mai magana da martani. Duk wanda ya kai rigimar majalisa can ya zaɓi filin da abokin saɓaninsa ba shi da baki. Yakan kuma zo daga ɗaya gefen: attajirin da ya biya kuɗin rufin coci yake ganin ya sayi ƙuri'a biyu, ko iyalin da kakansu ya ba da fili suke ganin kowane fasto baƙo ne da zai zo ya tafi ya bar su. Akwai kuma taron bayan taro, wanda ake yi a bakin ƙofa ko a rukunin WhatsApp, inda mutanen da suka yi shiru a gaban kowa suke warware abin da aka ƙulla. Cocin Ingila ya fitar da ƙa'idojin mu'amala a kafafen sada zumunta a 2019, kuma abin da ke ciki bai wuce abin da kowace uwa ke faɗa wa ɗanta ba: faɗi gaskiya, yi kirki, ka tuna abin da ka rubuta ba ya gogewa. Magana zarar bunu ce tun kafin waya ta zo, wayar dai ta ƙara wa bunun tsawo.

Wani abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, ma'aunin hukunci ya karkata gefe guda. Idan fasto ya ci zarafin mai bi, akwai dokar ladabtar da fastoci ta 2003 da za a iya kai ƙararsa a ƙarƙashinta, har ta kai ga raba shi da aikinsa. Ita ma dokar ta sha suka, saboda jan lokaci da kuma yadda take ɗaukar ƙaramin ƙorafi da babban laifi ta ƙofa ɗaya, abin da ya sa Sinod ta ɗauki aikin maye gurbinta. Amma idan wadin ne ko ɗan majalisa ya addabi fasto, ya hana shi sakat shekara da shekaru, hanyar cire shi ƙunci gare ta, galibi sai dai a jira zaɓe. A watan Fabrairun 2024 Babbar Sinod ta tattauna wannan matsala, da batun kafa wa majalisun ikilisiya ƙa'idar ɗa'a. Masu ɗari-ɗari da shawarar suna da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce: faston da ba ya son a tambaye shi lissafi yana iya laƙaba wa mai tambayar sunan mai cin zarafi, ya yi amfani da ƙa'idar ya rufe masa baki. Duk takardar ɗa'ar da ba ta bambanta tsakanin mai tsananta tambaya da mai wulaƙanta mutum ba, makami ce za ta zama a hannun wanda ya fi ƙarfi.

Tarihin Anglikan yana da misali na yadda ake bin doka a ci mutunci, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Samuel Ajayi Crowther, wanda aka kama bawa yana yaro aka kuma 'yanta shi, an keɓe shi bishop a babban cocin Kantabari a 1864, baƙar fata na farko da ya hau wannan matsayi a ɗarikar. Ya yi shekaru yana jagorantar aikin bishara a gaɓar kogin Neja, da ma'aikata 'yan Afirka da kuɗi kaɗan. Zuwa ƙarshen shekarun 1880, ƙungiyar mishan ta CMS ta turo wasu samarin Turawa masu zafin kishin addini, suka duba aikin suka ce ya lalace. Ba duk zarginsu ne ƙarya ba. Akwai ma'aikatan da halinsu ya ɓaci, kuma Crowther mutum ne mai sanyin hali da ba ya gaggawar hukunci. Matsalar ita ce hanyar da suka bi. A taron kwamitin kuɗi da aka yi a Onitsha a watan Agustan 1890, sakataren mishan, F. N. Eden, ya yi amfani da ikon da hedikwatar Landan ta ba shi ya dakatar da fastocin da bishop ya keɓe da hannunsa, har da ɗan bishop ɗin, Dandeson, wanda babban dikin ne, alhali tsohon yana zaune a kujerar shugaban taron. Dattijo mai shekara kusan tamanin, samarin da ya isa ya haife su suka nuna masa a gaban mutanensa cewa hular bishop ɗinsa ba ta kai takardar sakatare nauyi ba. Ya ajiye shugabancin kwamitin. Ciwon shanyewar jiki ya kama shi, ya rasu a Legas a ranar ƙarshe ta 1891. Bature aka naɗa ya gaje shi, coci-cocin yankin Neja Delta kuwa suka ja gefe suka riƙe kansu a ƙarƙashin Dandeson. A 2014, lokacin cika shekara 150 da keɓe Crowther, Akbishop Justin Welby ya tsaya a wannan cocin na Kantabari ya amsa cewa Cocin Ingila ya ci amanar mutumin, ya kuma nemi gafara.

Abin lura shi ne, Eden yana iya nuna takardar da ta ba shi iko. Gyaran da yake nema ma wani ɓangarensa ana bukatarsa. Amma gyara kayanka da aka yi shi da raini ya zama sauke mu raba, kuma cocin ya ɗauki shekaru masu yawa kafin ya sake yarda ya damƙa wa ɗan Afirka dayosis a wannan yanki.

Sai dai in aka tsaya a nan an faɗi rabin gaskiya, domin shi kansa girmamawar yana iya zama cuta. John Smyth lauya ne mai suna a Ingila, jigo a wasu sansanonin hutu na matasan Kirista, wanda a shekarun 1970 da farkon 1980 ya riƙa yi wa yara maza da samari dukan azaba da sunan horon ruhaniya. A 1982 wasu fastoci sun sami rahoto a rubuce a kan abin da yake yi. Ba su kai wa 'yan sanda ba. Suka rufa asiri domin kare sunan aikin, mutumin ya koma Zimbabuwe a 1984, daga baya Afirka ta Kudu, ya ci gaba da cutar da yara, ya mutu a 2018 ba tare da ya fuskanci hukunci a Ingila ba. Rahoton binciken Keith Makin da ya fito a watan Nuwamban 2024 ya nuna cewa tun 2013 manyan cocin suka san da maganar amma ba a bi ta yadda ya kamata ba. Cikin 'yan kwanaki Welby ya sanar da murabus. Kafin wannan, a 2020, hukumar binciken cin zarafin yara ta Ingila da Wels ta riga ta ce cocin ya sha fifita sunansa a kan waɗanda aka zalunta, ta kuma ambaci yawan rusuna wa manya a cikin dalilan.

Mutanen da suka yi shiru a kan Smyth ba marasa ladabi ba ne. Ladabin ne ma ya yi musu yawa, sai dai duk sama yake kallo, babu wanda ya sauko ƙasa wurin yaron da aka daka. Irin wannan ladabin yana da ayoyin da yake fakewa a bayansu. Akan kawo Matiyu sura 18, inda aka ce in ɗan'uwanka ya yi maka laifi ka fara samunsa ku biyu, in bai ji ba ka zo da mutum ɗaya ko biyu, in ya ƙi sai ka kai wa ikilisiya. Tsari ne mai kyau ga mutum biyu da suka saɓa a kan magana ko bashi. Wanda ya ce wa yaron da aka ci zarafinsa ya je ya sami mai cin zarafin su biyu, ya juya nassin a kan kansa. Laifin da doka ta hana, wurin hukuma ake kai shi, kuma yanzu dokokin kare yara na cocin haka suka tanada: kowace ikilisiya ta naɗa jami'in kula da wannan, kowace dayosis tana da nata ƙwararren.

Tsohon Littafin Addu'a na 1662 yana da wata ƙa'ida da nake ganin ta fi yawancin takardun zamani fahimtar wannan matsala. Ya ce in fasto ya ga mutum biyu da gaba da ƙiyayya suka yi katutu a tsakaninsu, kada ya bar su su ci Jibin Ubangiji sai sun shirya. In ɗaya ya yarda ya yafe ɗayan ya ƙi, a karɓi mai yafewar a bar mai taurin kan. Wato zaman lafiya tsakanin masu bi ba ƙaramin abu ba ne, har teburin Ubangiji yana iya tsayawa a kansa. Amma nan take littafin ya ƙara da cewa faston da ya hana wani, dole ya kai wa bishop bayani cikin kwana goma sha huɗu. An ba shi sanda, an kuma sa wanda zai tambaye shi yadda ya yi da ita. Waɗanda suka rubuta wannan sun san fasto ma ɗan Adam ne, yana iya hana Jibi saboda fushin kansa.

Akwai kuma tambayar yadda ake yi da wanda ya sha kaye a ƙuri'a. Dokar 2014 ta wuce ne saboda an haɗa ta da alkawarin cewa waɗanda lamirinsu bai karɓi hidimar mata a matsayin fasto ko bishop ba suna nan a cikin cocin da cikakken matsayi, har majalisar ikilisiyarsu tana iya neman a turo musu bishop namiji. Wasu suna ganin wannan dattaku ne, wasu suna ganin an halatta wariya ne da lafazi mai laushi. Ni dai ina ganin duka biyun suna da abin faɗa, kuma bai kamata a manta da wanda ke biyan kuɗin wannan sulhu ba: mace ce da aka keɓe bisa doka, take aiki kafaɗa da kafaɗa da abokin aikin da bai yarda keɓewarta ta inganta ba, ana kuma sa ran ta yi masa fara'a. A watan Oktoban 2025 aka sanar da Sarah Mullally a matsayin Akbishop ta Kantabari, mace ta farko, wadda jagorancinta ya haɗa har da waɗannan ikilisiyoyi.

A matakin duniya giɓin ya fi fitowa fili, domin can babu kotu ko kaɗan. Taron Lambet, wato taron bishop-bishop na Anglikan na duniya, na farko a 1867, wanda rigima a kan koyarwar Bishop Colenso na Natal a kudancin Afirka tana cikin abin da ya haddasa shi, bishop 76 ne suka halarta, Akbishop na Yok ma ƙin zuwa ya yi, kuma tun daga ranar aka amince cewa shawarwarin taron ba doka ba ne a kan kowa. Saboda haka da taron 1998 ya fitar da matsayarsa a kan aure da jinsi, sannan cocin Amurka ya saɓa mata ya keɓe Gene Robinson, namijin da ke zaune da namiji ɗan'uwansa a fili a matsayin abokin zama, bishop a 2003, babu alƙalin da za a kai wa ƙara. Abin da ya rage wa wanda ransa ya ɓaci shi ne ya bar kujerarsa babu kowa. Haka aka yi a 2008, lokacin da aka kafa GAFCON, ƙungiyar Anglikan masu ra'ayin riƙau, a Urushalima, haka kuma bishop-bishop na Najeriya da Yuganda da Ruwanda suka ƙaurace wa Lambet na 2022.

Ita kuwa ƙaramar ikilisiya, ranar da fasto ya yi ritaya ko aka yi masa canjin wuri, mabuɗin nan yana komawa hannun wadin biyu. Su ne za su riƙe coci watanni, wani lokaci fiye da shekara, su nemo wanda zai yi sujada kowace Lahadi. Majalisa za ta rubuta bayanin irin faston da take so, ta zaɓi wakilai biyu, kuma a Ingila waɗannan biyun suna da ikon ƙin amincewa da wanda aka gabatar musu. Shi ma faston da ke tunanin neman wurin yana nasa binciken. Zai karanta takardar da suka rubuta, mai cike da yabon kansu, ya ajiye ta, sannan ya ɗauki waya ya kira wani abokin aikinsa a yankin ya tambaye shi yadda wanda ya gabace shi ya rabu da su.